Tulin Ƙasar da Masu Haƙar Ma'adinai Ke Bari a Baya

Makon jiya da aka kawo zancen ƙwayoyin halitta masu fitar da ƙarfe daga dutse, wasu a zauren nan suka ce tatsuniyar Turawa ce, wani ma ya ce a bar maganar da ba ta kawo tuwo. To, mu 'yan Bacirawa ba da mu za a yi wannan dariyar ba. Kakanninmu jaki suke korawa birni da itace, su dawo da mangala cike da shara da toka su zuba a gona. Abin da ɗan birni ya zubar shi ya riƙe gonakin nan, ana noma su duk shekara ba hutu. Kuma wa yake nunar mana da daddawa, ya sa nono tsami, in ba halittun nan da ido ba ya gani ba?

A cikinsu akwai waɗanda abincinsu ƙarfe ne da farar wuta. In suka samu niƙaƙƙen dutse da ruwa da iska, sai su samar da ruwa mai kaifi irin na batir, ya narkar da ma'adinin, a tace a kwashe. A Kasese ta ƙasar Yuganda, mahaƙar tagulla ta Kilembe ta bar tulin ragowar ƙasa na shekaru, yana tsiyayar da guba cikin daji. A 1999 aka fara sarrafa tulin da waɗannan ƙwayoyi, ana fitar da kobal, ƙarfen da ke cikin batirin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita. A Afirka ta Kudu tun 1986 suke wannan aiki kan zinare a mahaƙar Fairview.

Mu fa? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda a tsakar gida ake daka dutsen zinare, yara na wasa cikin ƙurar. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Samarinmu kuma duk rani suna tafiya haƙa, su tsinci abin da ido ya gani, su bar sauran a fili ruwan sama ya kai shi rafi.

Kada wani ya ce mun kawo maganin komai. Ƙwayoyin nan ba sa kawar da dalma. A Zamfara sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne. Aikinsu yana da jinkiri, kuma ruwan da suke fitarwa in ya kuɓuce ya shiga gona, ta mutu. Aikin masana ne, ba na bayan ɗaki ba.

Shi ya sa muke tambaya. Ga Riruwai nan a ƙaramar hukumar Doguwa, cikin jiharmu, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kuma dutsenta yana ɗauke da tutiya haɗe da farar wuta, irin abincin ƙwayoyin nan sak. Mu da muka yi difloma mun san yadda ake kwafar furojet ɗin bara a sauya suna a miƙa. Gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin ɗaliban kimiyya ko da goma ne, su je Riruwai su ɗebo ƙasar tsofaffin tulin, a auna abin da ke ciki, a buga sakamakon da Hausa mu karanta a nan.