Kaji Goma a Bayan Gida: Riba ko Wahala?

Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, ƙwai ya shiga jerin abubuwan da ƙaramin ma'aikaci yakan yi dogon tunani kafin ya saya. A cikin 2024 kiret ɗaya mai ƙwai 30 ya haura naira 5,000 a birane da dama. Saboda haka magidanta da yawa suka koma ga tsohuwar dabara, watau kafa akurki a bayan gida domin yara su riƙa samun ɗanyen ƙwai ba tare da an je kasuwa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na OFN, aka yi kira ga kowa da kowa ya yi lambu ko ya kiwata kaji a gidansa, aka kuma tura ɗaliban manyan makarantu gonaki a lokacin dogon hutu. Kajin sun shiga gidajen gwamnati sosai, amma da aka hana shigo da masara daga waje a 1985, abincin kaji ya yi tsada, akurki da yawa suka zama wurin ajiye tarkace. Abin da ya karya kiwon a wancan lokaci shi ne ya tayar da farashin ƙwai a wannan karon, domin kuwa abinci ne ke cinye wajen kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan kaza, kuma masara da waken suya su ne ginshiƙinsa. Wanda ya gudu daga tsadar ƙwai ya sayi kaji, to, zai tarar da tsadar tana jiransa a shagon mai sayar da abincinsu.

Duk da haka lissafin bai hana riba ba. Kazar gidan gona takan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, takan ci kimanin giram 120 a rana. Ke nan kaji goma za su ƙarar da buhu mai kilo 25 cikin mako uku, a cikin wannan lokaci kuwa, idan suna da lafiya, za su ba da abin da ya kai kiret biyar. Sai maigida ya gwada kuɗin buhu ɗaya da na kiret biyar a kasuwar garinsu, sa'an nan ya tuna da wata huɗu da rabi da zai yi yana ciyar da 'yan tsaki ba su ba shi ko ƙwai ɗaya ba. A nan ne mafi yawan masu farawa sukan yi kuskure: sukan sayi kaji hamsin da albashin wata guda, kafin su kai ga ƙwai abinci ya gagare su, sai a koma ba su dusa tsura da ragowar tuwo. Kazar da aka yi wa haka ba ta mutuwa nan da nan, ƙwai kawai take dainawa. Ba a kuma bukatar zakara in dai ƙwan ci ake nema, ko da yake ba kowa ne ke yarda da wannan ba sai ya gani da idonsa.

Kazar Hausa ba ta da wannan ɗawainiya, tana kiwon kanta a tsakar gida, tana jure zafi, sai dai ƙwan da take yi a shekara bai cika wuce 60 ba, alhali ta gidan gona tana haura 250. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fito da Shika Brown, kaza mai yawan ƙwai wadda ta dace da yanayin ƙasar nan, amma samun 'yan tsakinta bai zama da sauƙi ga mai neman goma ko ashirin ba.

Babbar barazana ita ce cuta. Ciwon Niyukasil, wanda ya fi tsanani da hunturu, yana iya share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki, alhali cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinsa, har da irin wanda ake ɗigawa a ido. Matsalar ita ce kwalba guda ta kaji masu yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta ba ta ajiyuwa, don haka ya fi dacewa maƙwabta su haɗu su yi rana ɗaya. Murar tsuntsaye kuwa, wadda ta fara ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, ba ta bar ƙasar gaba ɗaya ba, kuma sabuwar kazar da aka sayo daga kasuwa aka zuba cikin na gida ita ce ƙofar da cututtuka suka fi shigowa ta ciki.

Tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma. Abin da ya rage ga ma'aikatun gona na jihohi shi ne su mayar da malaman dabbobi cikin unguwanni da rigakafi a kan kari, kafin hunturu ya kama, su kuma samar da wuraren da mai ƙaramin ƙarfi zai sayi 'yan tsaki goma masu asali, ba sai ya ɗauki kwali guda na hamsin ba.