Yafito: Kalmar da Bai Kamata Ɗalibai Su Yar Ba

Duk malamin da ya saba duba insha'in ɗalibai zai lura cewa idan yaro yana son ya ce wani ya kira wani daga nesa ba tare da buɗe baki ba, sai ya rubuta "ya kira shi da hannu". Wannan ba kuskure ba ne, amma a ganina asara ce, domin Hausa tana da kalma guda da ta ɗauke wannan aiki: yafito, wadda wasu ke cewa yafuto.

Yafito shi ne mutum ya miƙa hannu, tafinsa na kallon ƙasa, ya riƙa kaɗa yatsu zuwa wajen kansa. Ma'anarsa ɗaya ce, wato "zo nan". Ya bambanta da zunɗe, wanda nuni ne da leɓe, da kuma ƙifta ido, wadda sirri ce tsakanin mutum biyu. Ishara kuwa, da muka aro daga Larabci, ta fi faɗi, don takan ɗauki ma'anar gargaɗi.

Akwai masu zaton asalin kalmar daga "ya fito" ne. Gwaji kaɗan ya isa ya rushe wannan zato. Da "ya" ɗin nan wakilin suna ne, da ya sauya idan mace ce ta yi aikin. Amma cewa muke yi "ta yafito shi", "sun yafito mu". Ke nan "ya" tana cikin jikin kalmar. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne wasalin ƙarshe. A tsarin ajin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau mai ƙarewa da "-o" yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, kamar kai da kawo, ja da jawo, fita da fito. Ashe abin da yatsu ke yi a iska, shi ne wasalin nan ke yi a baki.

Me ya sa mutum zai bar murya ya koma ga hannu? Ilimin kimiyyar sauti yana da amsa. A fili, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin sauti yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ga kuma hayaniya tana haɗiye sauran. Hannu kuwa ba ruwansa da hayaniya, muddin ido na ganinsa. Shi ya sa a Kasuwar Kurmi ko a tashar mota, yafito ya fi ihu saurin kawo mai tallan ruwa. Jariri ma yakan fara nuni da yatsa wajen cikarsa shekara guda, tun bakinsa bai iya haɗa magana ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duniya duka haka take yi. A Amurka da Ingila tafin hannu sama yake kallo, wani lokaci ma da manuniya kaɗai ake kira. A Jafan kuwa irin namu suke yi. Mutum-mutumin kyanwar nan mai ɗaga hannu da ake ajiyewa a shaguna, maneki-neko, masu saye take yafitowa, amma Bature yakan zaci sallama take yi masa.

A wurinmu kuma yafito yana da ladabinsa. Babba ke yafito yaro, yaro ba ya yafito babba, sai dai ya taka ya je ya durƙusa. Ba a yi da hagu. Ɗalibin da ya rubuta "ta yafito mahaifinta" ya riga ya gaya mana halin yarinyar, ko bai ƙara komai ba, abin da "ta kira shi da hannu" ba za ta iya ba.

Ina roƙon malaman Hausa su ware darasi ɗaya, su sa ɗalibai su tattaro irin waɗannan kalmomi daga bakin iyaye da kakanni, kowa ya nuna motsin a gaban aji kafin ya rubuta sunansa a allo. Inda akwai makarantar kurame a kusa, a gayyato masu maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta kuma wallafa littafi a kanta a 2000, su nuna wa ajin yadda su suke kiran juna daga nesa.