Daga Bakin Allo: Wai Facebook Ne Ya Kori Mubarak?

Ran nan da yamma na ratsa Briqueterie zan koma gida Cité Verte, sai na tarar da samari wajen mai tsire suna ta gardama. Ɗaya cikinsu, tsohon ɗalibina, ya ce, "Malam, ai Facebook ne ya kori Mubarak, mu ma da waya za mu gyara ƙasar nan." Na ce ya jira amsa a wannan shafi, don tsirena yana hucewa.

Yaron bai yi ƙarya duka ba. A Yunin 2010 'yan sanda suka kashe wani saurayi, Khalid Sa'id, da duka a Iskandariyya. Wael Ghonim ya buɗe shafi da sunansa a Facebook, hoton gawar ya zaga Masar, kuma ta nan aka yi kiran fitowa ran 25 ga Janairun 2011. Bayan kwana 18 Husni Mubarak ya sauka, ran 11 ga Fabrairu, yana da kusan shekara 30 kan mulki.

To, amma ga abin da ba a cika faɗa wa yaranmu ba. Daren 27 ga Janairu gwamnati ta yanke intanet, wayewar gari ta haɗa da wayoyin hannu. Ranar kuwa Juma'a ce. Ana sallamewa mutane suka kwararo daga masallatai, unguwa-unguwa, suka ture 'yan sanda har dandalin Tahrir, taron ya fi na ranar farko nesa ba kusa ba. Wa ya kira su? Maƙwabci ne ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. A kwanakin ƙarshe ma'aikata suka shiga yajin aiki, soja kuma suka janye hannunsu daga tsohon.

Mu ma mun gani da idonmu. Ran 25 ga Fabrairun 2008 direbobi suka ajiye motoci saboda tsadar mai, wuta ta tashi daga Duwala ta iso Yawunde, lokacin ba kowa ya san Facebook ba. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. A Afrilu aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa daga tsarin mulki, kamar ba a yi komi ba. Hukuma kuwa ta ɗauki darasinta: a Maris 2011 ta dakatar da Twitter ta saƙon waya, a 2017 ta rufe intanet a yankunan masu Ingilishi wata uku cur. Dokar 2010 kuma ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, kuma layin waya da sunan mutum ake rajistarsa.

Samarin Tahrir fa? Ba su da jam'iyya, ba su da ɗan takara guda. Mursi ya ci zaɓe a 2012, Sisi ya kifar da shi a 2013, Alaa Abdel Fattah ya shafe shekaru a kurkuku, sai 2025 aka sake shi.

Shekaranjiya na sake gamuwa da ɗalibin nawa bayan La'asar. Shekararsa 23, dokarmu kuwa daga 20 ake zaɓe. Na tambaye shi ko ya yi rajista wajen ELECAM. Ya sosa ƙeya ya ce katin shaidarsa bai fito ba, takardar haihuwarsa ma akwai kuskure a sunan mahaifinsa. Mun yi alkawari ran Laraba, da ba ni da aji da rana, za mu je a duba yadda za a gyara ta.