Tiyar ƴan wasa

A wannan mako za mu leƙa wasan golf, inda ake bugun ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ba wasan Maraɗi ba ne, amma maƙwabtanmu na Kano da Kaduna suna da filayensa, kuma lissafinsa abin dubawa ne.

A golf, wanda ya gama ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. To, ta yaya ɗan koyo zai kara da gwani? Sai aka ƙago rangwame: ana cire wa mai rauni wasu bugu daga jimillarsa. A shekarar 2020 manyan hukumomin wasan biyu, ta Birtaniya da ta Amurka, suka fito da tsari ɗaya ga duniya. Ana duba wasanni 20 na ƙarshe da mutum ya yi, a zaɓi 8 mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu bisa wahalar kowane fili. Ma'aunin rangwamen ba ya wuce 54.

Duk da haka da sauran magana. Gwani kullum wasansa kusan ɗaya ne, ɗan koyo kuwa yau sama, gobe ƙasa. Idan ƴan koyo suka yi yawa a gasa, ba a rasa ɗayansu da zai tashi da sa'a ya kwashe kofi. Shi ya sa a gasar kowa don kansa ake ba da kashi 95 cikin 100 na rangwamen kawai.

Abin da lissafi ya kasa magancewa shi ne ha'inci. Wani yakan ɓata wasansa da gangan don rangwamensa ya ƙaru kafin ranar kyauta. Ɗan kasuwa ya san irin wannan: tiya ce aka bubbuge gindinta.

Mu dawo gida. Tun 1975, lokacin da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi a gasar ƙasa. Haka ya dace, sarauta ba ta son rangwame. Amma kokowar yara a Zariya, Tsibiri da Jiratawa daban ce. Yaron da aka haɗa da wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kayi biyu ya ishe shi barin fage har abada, alhali gasar ƙasashen CEDEAO bisa nauyi ake yinta.

Muna kira ga masu shirya wasannin yara da su tanadi sikeli da littafi, su damƙa su ga amintaccen da ba ya da ɗa a fage.