Kafin a kai ga wankin ƙoda, akwai gwajin jinin da ba ma maganarsa

Jama'a, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocinta, daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000. Madalla. Amma abin da ke damuna shi ne, kullum sai ƙoda ta mutu muke zancenta. Ba ma tambayar me ya kashe ta.

Hawan jini da ciwon suga kowa ya san su. Akwai kuma wata cuta da ba ta da yawa, amma tana cin ƙoda cikin makonni: garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi ƙananan hanyoyin jini har su kumbura. Likitoci suna ce mata baskulaitis. Takan fara da zazzaɓi, rama, ciwon gaɓɓai, toshewar hanci ko tari da jini. Ku gaya min, wa zai ji wannan a Tudun Wada bai ce maleriya, taifot ko tibi ba? Wasu ma sammu za su ce.

Gwajin da ke taimakawa wajen gano ta shi ne ANCA. Yana neman wasu sinadaran garkuwa a cikin jini, iri biyu: PR3 da MPO. A Ostireliya aka fara bayanin su a 1982. Kafin a samu magani, yawancin masu nau'in cutar mai tsanani ba sa wuce shekara. Yanzu da prednisolone, cyclophosphamide da rituximab, mafi yawa cutar tana lafa musu.

Sai dai lafawa ba warkewa ba ce, tana dawowa, musamman ga masu PR3. Shi ya sa likita kan maimaita gwajin lokaci zuwa lokaci. Amma a kula, ANCA ba boka ba ne. Yana iya hawa mutum na zaune lafiya ƙalau, kuma tibi ma kan sa ya bayyana. Wanda ya riƙe takardar sakamako ya nufi kemis ya sayi prednisolone da kansa, alhali tibi ke cinsa, ya zuba wa wuta fetur. Sai likita ya haɗa shi da gwajin fitsari, awon aikin ƙoda, da yadda majinyaci yake ji a jikinsa.

Gwajin fitsarin nan kuwa ba shi da tsada. Jini ko furotin a fitsari yakan tona asirin ciwon ƙoda tun kafin ƙafa ta kumbura.

To ga kirana. Asibitin Malam Aminu Kano ya yi dashen ƙoda tun 2002, don haka ƙwarewa ba ita muka rasa ba. Mu ma'aikata duk wata ana yankar albashinmu a kai KSCHMA. Ya kamata hukumar ta tabbatar gwajin ANCA, da maimaita shi idan likita ya nema, yana cikin abin da take biya. Asibitocin jiha kamar na Murtala da na Nassarawa su samu hanya mai sauƙi ta tura jini da karɓo sakamako cikin kwanaki. Wani zai ce cutar ba ta da yawa, kuɗin ya fi amfani a wani wuri. Ya yi lissafi: mai wankin ƙoda yana buƙatar sau biyu ko uku a mako, har sai an yi masa dashe. Gwaji nawa za a yi da kuɗin wata ɗaya?

Ku kuma 'yan uwa, in zazzaɓi da rama sun ƙi jin magani, ko fitsari ya koma kalar shayi, don Allah a bar zaga kemis. A ga likita, a roƙi a duba fitsari da ƙoda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.