Zoɓo Ma Kayan Gwaji Ne

Ya kai ɗalibi, sau nawa aka fasa gwajin kimiyya a ajinku domin babu takardar litmus? Ni dai ban yarda da wannan uzuri ba. Abin da zai bambance maka asid da alkali yana kasuwar garinku, kuma ka sha shi ba sau ɗaya ba, wato zoɓo. Amma kada ka rikita alkali da alƙali. Na biyun shi ne mai yanke hukunci a kotu.

Ka jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ban da sukari da citta. Ka tace, ka sirka da ruwa har launin ya yi haske, sannan ka raba shi a kofunan gilashi uku. Ka matsa lemun tsami a na farko, za ka ga jan ya ƙara fitowa. Na biyu ka bar shi domin kwatantawa. A na uku ka ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan. Launin zai yi duhu, ya karkata zuwa kore. Ƙara masa lemun tsami, sai jan ya dawo! Sinadarin antosayanin ne ke yin wannan aiki, kuma akwai shi a jan kabeji da ɓawon jar albasa.

Ma'aunin pH yana farawa daga 0 zuwa 14, kuma tsabtataccen ruwa yana kan 7. Lemun tsami yana ƙasa da 7, kanwa tana sama. Iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da wannan ilimi. Idan miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa suke sa mata, domin alkali yana kashe kaifin asid. Kanwar nan ita ce Yarbawa ke kira kaun, Ibo kuma akanwu, don haka ba baƙuwa ba ce a gidanku.

Wani zai ce zoɓo ba ya nuna ainihin lambar pH, kuma ba shi ake ba ɗalibai a jarrabawar WAEC ba. Gaskiya ne. Sai dai a ganina, wanda ya ga launi ya sauya a hannunsa ya fi wanda ya haddace sauyin daga allo shirin wannan jarrabawa.

Ka jarraba ruwan tsamiya, da ruwan toka, da na sabulu. Kada ka ɗanɗana abin da ka haɗa, kuma kada ka kusanci ruwan batir ko sodar yin sabulu, domin suna ƙona fata.