A Tayar da Mota Kafin a Yi Lodi

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, maganarmu ta yau a kan tsofaffin motocin da ke ɗaukar mana hatsi ce, irin su Bedford da Mercedes 911. Kowa ya san yadda abin yake. An gama lodin gero a Dawanau, an biya 'yan dako, direba ya murɗa makulli, sai ka ji ƙas, mota ta ƙi tashi. Kafin a gyara ranar kasuwa ta wuce, farashi ya sauka, asara kuwa ta mai kaya ce.

To mu dai ra'ayinmu shi ne kada buhu ko ɗaya ya hau mota sai an tayar da ita da makulli a gaban dillali, da sanyin safiya, domin sanyin hunturu ne ke tona asirin batir mai rauni.

In ta ƙi tashi, kada a yi gaggawar sayen sabon batir. A kunna fitilun gaba, sannan a murɗa makulli. In fitilu suka dushe, laifin batir ne ko kan batir. In suna nan da haskensu amma inji bai juya ba, a duba kik da wayoyinsa. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfi bai kama ba, to a bar zancen wuta, a koma kan mai, wataƙila iska ta shiga bututun gas.

Sau da yawa ciwon ƙarami ne. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A kwance, a wanke da ruwan kanwa, a kankare, a ɗaure tamau. Haka nan wayar da ta haɗa batir da ƙarfen jikin mota, tsatsa na cinye ta. Batir mai bolt 12 in ya cika, awon mai gyaran wuta zai nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma wajen 14. In bai kai haka ba, a duba bel da injin caji. Motar da ke aiki da batir biyu, wato bolt 24, kada a haɗa mata sabo da tsoho, don tsohon zai kashe sabon.

Wasu direbobi kan ce ai turi ya wadatar, ko a ajiye ta a gangare. Wa zai tura mota da buhu 100 a bayanta? Kuma mai birkin iska ba ta da birkin kirki sai inji ya tara iska, sakinta a gangare da kaya ganganci ne da rayukan mutane.

Mai mota ya kashe ɗan kuɗin gyara, mu kuma mu daina bin arahar haya ido rufe. Dillalin da ya ba da kayan mutane ga motar da bai ga tashinta ba, bai riƙe amana ba. Wassalam.